Shagon tsofaffin takardu a Samaru da abin da ya adana na boren ɗalibai

Na fara zuwa wannan shago ne a zangon karatun da ya wuce, lokacin da nake haɗa aikin kammala digiri a kan zanga-zangar ɗalibai ta watan Afrilun 1978, wadda aka fi sani da "Ali Must Go". Ɗaki ɗaya ne a wani lungu na Samaru, kuma mai shi dattijo ne da ya daɗe yana sayen tsofaffin jaridu da mujallu daga hannun malaman da suka yi ritaya da iyalan waɗanda suka rasu.

Littattafan da ke bakin ƙofa ba su da bambanci da na sauran shaguna. Darajar wurin tana cikin kwalayen da ke jibge a can ƙurya, waɗanda Baba ba ya buɗewa sai ya tabbatar da gaske kake. Da na faɗa masa abin da nake nema, sai ya ce, "Ɗana, zauna tukuna," sannan ya jawo kwali guda ya kaɗe masa ƙura.

Tarihin na san shi tun a aji. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo ta ƙi amincewa, fushin ya sauka a kan kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas, aka kashe wasu ɗaliban a Zariya, daga bisani aka haramta ƙungiyar. Amma sanin labari daban, riƙe takardar da aka raba a wancan lokaci daban. Na ci karo da wata takardar kiran taro da aka buga da injin stensil, tawada ta toshe cikin wasu haruffa, tsatsar ƙusar maƙala takarda ta bar tabo a kusurwarta, kuma wani ya ƙara lokacin haɗuwa da biro a ƙasa. Na daɗe ina kallonta, domin wanda ya rubuta ta a lokacin sa'ana ne a shekaru, kuma ya san korarsa daga makaranta ita ce mafi sauƙin abin da zai iya biyo baya.

A wani kwalin kuma na samu wasu fitowar mujallar The Analyst da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila, waɗanda su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman suka tsaya musu, tare da yankakkun jaridu kan ranar 23 ga Mayun 1986, da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Fitila ce ta fi ɗaukar hankalina, saboda yadda take kawo maganar bashin ƙasa da tsadar rayuwa cikin Hausar da manomi zai gane ba tare da tafinta ba.

Abin da ya dame ni ƙwarai shi ne yanayin ajiyar. Rufin yana yoyo ta gefe guda, gara ta riga ta cinye ƙasan kwalaye biyu, kuma babu wani jerin sunaye da zai nuna abin da ke ina, sai abin da Baba ya riƙe a ka. Farashi ma ba tsayayye ba ne, sai an yi ciniki, wanda hakan yana da nauyi ga ɗalibi. Sai dai ya yarda na ɗauki hoton takardun da waya a kan ɗan kuɗi kaɗan, da sharaɗin in wanke hannu kuma kada in lanƙwasa ko ɗaya.

Duk mai bincike kan gwagwarmayar ɗalibai ya je da safe, lokacin da haske ke shiga ƙuryar, ya tafi da takunkumin rufe hanci da tsabar kuɗi, kuma ya yi ƙoƙari ya isa kafin damina ta kankama.