Kantin da ke kawo mana takarda da tawada: shaidar mai riƙe da sito

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da makullin sito a sakatariyar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, a can arewa inda ba mu da nisa da iyakar Nijar, kuma a tsawon wannan lokaci kayan 'yan kasuwa da yawa sun bi ta hannuna. Wanda zan yi magana a kansa wani kantin kayan rubutu ne a garin Gumel, wanda yake kuma karɓar aikin ɗab'i, muna hulɗa da shi yau shekara uku. Ba zan ambaci sunan kantin ko na mai shi ba, domin har yanzu ina bakin aiki, kuma ba na so a ce talla nake yi masa ko ina da wani kaso a cikin cinikin. Zan kira shi Alhaji, kamar yadda kowa yake kiransa.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, idon jama'a ya ƙara komawa kan yadda muke kashe kuɗi, amma abin da ake tambaya a majalisa shi ne hanya da rijiyar burtsatse da ginin aji. Ba a cika tuna cewa sakatariya tana cin takarda kullum kamar yadda gida yake cin hatsi ba. Akwai fayil da biro da tawadar firinta, akwai takardun bauca da manyan littattafan rajista, akwai rasit na kasuwa da na tasha, ga kwado da tsintsiya da ƙwan lantarki. Kowane ɗaya kuɗinsa kaɗan ne, sai dai ana sayensa wata bayan wata, kuma da yake babu mai zuwa ya ɗauki hoton kwalin takarda yadda ake ɗaukar hoton kwalbati, a nan ne ɓarna ta fi samun wurin ɓuya.

Ƙa'idar sayayya a rubuce take, kuma ba ta da wuyar ganewa. Shugaban sashe zai rubuta buƙatarsa, ta bi ta ofishin daraktan mulki zuwa ga ciyaman, idan kuɗin ya wuce abin da aka yarje masa ya sa wa hannu shi kaɗai sai a kai gaban kwamitin kuɗi. Sannan a nemi farashi daga 'yan kasuwa uku, a ba wanda aka zaɓa takardar oda wadda muke kira LPO, ya kawo kaya sito, ni da odita na cikin gida mu ƙirga, in rubuta takardar shaidar shigar kaya, daga nan ne akanta zai haɗa bauca ma'aji ya biya. Duk wannan doguwar hanya a kan abu ɗaya ta dogara, wato abin da aka rubuta ya zama shi ne abin da aka sauke a ƙofar sito. Da wannan ma'auni nake auna kowane ɗan kasuwa, kuma da shi zan auna Alhaji.

Abin da ya fara jawo hankalina gare shi ƙin wani abu ne da ya yi. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san yadda ake samar da farashin mutum uku: ɗan kasuwa ɗaya ne zai buɗe durowa ya fito da takardu masu kan kamfani uku, ya cika biyu da farashi mai tsada, ya sa na ukun ƙasa kaɗan, sai a ce an yi gasa. Wani ma'aikacinmu ya je wa Alhaji da wannan buƙata a gabana, yana ganin taimaka masa yake yi. Alhaji ya ce masa, “Malam, kanti ɗaya gare ni, rajista ɗaya na yi, takarda ɗaya zan ba ka. Sauran biyun ka zaga kasuwa ka samo.” Haka kuma ba ya ba da rasit mai hatimi wanda ba a cika ba, ba ya rubuta kwali goma idan takwas ya ɗora a mota. Na san cewa wannan hali ya sa wasu sassan namu sun yi watanni ba su leƙa kantinsa ba, kuma na san dalilin, amma ni da sunana yake kan kowace takardar shigar kaya, wanda kuma ni za a fara kira idan masu binciken kuɗi sun zo daga Dutse, ban taɓa yin barci mai daɗi kamar a shekarun nan ba.

Takardarsa ita ce babbar hujjata. Rim ɗin A4 falle 500 ne, kwali kuma rim biyar, kuma abin da muke rubutawa a oda shi ne mai giram 80, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. Lissafin mai sauƙi ne ga wanda ya damu ya yi shi: falle ɗaya na irin wannan takarda giram biyar ne, saboda haka rim cikakke zai kai kilo biyu da rabi, mai giram 70 kuwa da ƙyar yake haura kilo biyu da 'yan kai. Nakan ari sikeli daga sashen aikin gona in ɗora. Wani ɗan kwangila da muka yi hulɗa da shi a baya yakan kawo mai giram 70 cikin rigar mai giram 80, wani lokaci ma a buɗe rim ta gindi a zare falle ashirin ko talatin a sake liƙewa da gam, wanda sai ka juya shi ka lura sosai za ka ga alamar. Siririyar takarda ba ta jure damina, da zarar iska ta yi laima sai ta nannaɗe ta maƙale a cikin injin fotokwafi, a ɓata uku kafin a sami ɗaya mai kyau. A shekara ukun nan na auna kayan Alhaji ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ban taɓa samun rim da ya gaza ba. Ranar da mai giram 80 ta yanke masa, ya bugo mini waya kafin ya ɗora kaya, ya ce mai 70 ce a ƙasa, in muna so a gyara odar a rage kuɗin, in ba ma so mu jira mako guda. Muka jira.

Haka yake yi da tawadar firinta, wadda ita ce ta fi komai saurin cinye kuɗin ofis. Akwai ta asali, akwai wadda aka sake cika wa gari, akwai kuma jabu da aka sa wa kwali mai kama da na asali, kuma tazarar farashinsu babba ce. Yana sayar da biyun farko, yana kuma rubuta wacce ce a jikin rasit ɓaro-ɓaro. Ba na ƙin wadda aka sake cikawa, domin ga takardun cikin gida da ba za su wuce mako biyu a kan tebur ba ta wadatar, amma ga takardar ɗaukar aiki ko ta filin da mutum zai ajiye shekara talatin, ta asali ce kawai ta dace, tunda waccan takan dusashe ko ta bar baƙin layi a gefe. Abin da nake ƙi shi ne a biya kuɗin doki a kawo jaki, kuma wannan bai taɓa faruwa tsakaninmu ba.

Sai maganar farashi, inda kansiloli suka fi yi mini ƙorafi. Gaskiya ne kayansa sun fi na Kasuwar Sabon Gari ta Kano tsada, kuma duk wanda ya je Kano ya tambayo kuɗin rim zai dawo yana cewa ana cutar hukuma. Amma wanda ya tambayo farashi a Sabon Gari da kuɗi a hannu ya tambaya. Mu kuwa bashi muke karɓa, idan an zo biya baitulmali ya cire harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, ya kuma cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe, ga kuɗin mota da ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Abin da na yaba shi ne Alhaji yana rarraba waɗannan a takardar farashinsa layi-layi, kuɗin kaya daban, na dako daban, haraji daban, ta yadda mai dubawa zai ga inda kowace naira ta shiga, maimakon a dunƙule su a lamba ɗaya da aringizo zai iya fakewa a ciki. Duk da haka ina ganin a kan ƙananan kaya irin su biro da fayil da allurar maƙala takarda ribarsa ta yi yawa, kuma fayil ɗinsa mai arha ba shi da ƙwari, wata uku a hannun masinja ya yage ta baya.

Yana da wata doka da ta sha ba mu wahala: takardar farashinsa mako biyu take aiki, kuma idan oda biyu suka taru ba a biya ba, ba zai saki ta uku ba ko da ciyaman ne ya aiko. Mako biyu kuwa a wurinmu fayil bai gama zagaya tebura ba. Akwai lokacin da muka yi kwana tara babu takardar bauca a baitulmali saboda wannan, na je da kaina na roƙe shi, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce, “Malam, ka san bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma na Kano suna bina. Ku sauke ɗaya in ɗora muku ɗaya.” Na fito raina a ɓace, amma da na tuna 'yan kasuwar da jarinsu ya narke a cikin fayilolinmu har suka rufe shago, ban iya ganin laifinsa sosai ba.

Inda ya gaza ƙwarai shi ne ɗab'i. Ba shi da injin kansa, karɓar aikin yake yi ya kai wa wata maɗaba'a a Kano, kuma wannan bai faɗa mana ba sai da matsala ta auku. Rasit na kuɗin shiga ba takarda ba ce kamar sauran, kusan kuɗi ne, shi ya sa kowane falle yake da lamba a jere da kwafinsa a ƙasa, ana kuma shigar da lambobin kowane littafi a rajista kafin a miƙa wa mai karɓar kuɗin rumfa ko na tasha, domin da lambar ake binsa lissafi. Bara muka ba shi aikin littafi hamsin. Na ƙirga littattafan na ga sun cika, na duba lambar farko da ta ƙarshe a kowanne, na sa hannu, kuma a nan ni ma na yi sakaci. Sai bayan mako uku jami'in kuɗin shiga ya gano cewa littattafai huɗu suna ɗauke da lambobin da suka maimaita na wasu huɗun, wani kuma ya tsallake lamba goma sha biyu a tsakiya. Ma'anar wannan ita ce mutum biyu za su iya yanka rasit mai lamba ɗaya a kasuwa biyu, ɗaya ya kawo kuɗin ɗaya ya sa a aljihu, rajista kuma ta nuna komai daidai. Ni aka ba takardar tuhuma. Da na je wa Alhaji, maimakon ya karɓi laifin nan take kamar yadda na saba gani a wurinsa, sai ya tsaya a kan cewa na riga na sa hannu, kuma kuskuren na maɗaba'a ne. Mun kai kusan wata muna ja-in-ja kafin ya sake buga littattafan da kuɗinsa, aka ƙona gurɓatattun a gaban odita. Ya gyara, amma ya gyara a makare, kuma ba tare da ya ce a yi haƙuri ba. Ko a sanarwar rigakafi da ya buga wa sashen lafiya, duk haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, “ƙasa” ta koma “kasa”, “ɗaki” ya koma “daki”, abin da ba zai faru ba da akwai mai duba aikin kafin a ɗora shi a mota.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Ranar Alhamis ba a samunsa, yana Kasuwar Maigatari wajen harkar dabbobinsa, yaran kantin kuma ba su da ikon sa hannu ko rage ko sisi, saboda haka duk abin da ya taso ranar sai Asabar. Ba shi da motar kai kaya, a motar haya yake ɗorawa, kuma a watan Agusta an taɓa sauke mini kwali biyu da ruwa ya taɓa gindinsu, ko da yake waɗannan ya canza su washegari ba tare da musu ba.

Ga makaranta ko asibiti ko ofishin da yake son takarda da tawada da rasit na gaskiya, kuma yake iya biya a kan lokaci, ban san kantin da ya fi wannan a yankinmu ba. Wanda yake neman a rubuta masa abin da bai saya ba, kada ya ɓata kuɗin motarsa. A taron kwamitin kuɗi na watan jiya an tambaye ni ra'ayina a kan odar sabuwar shekara, na ce a bar masa takarda da tawada da littattafan rajista, a nemi fayil a wani wuri, rasit kuwa kada a sake ba shi sai da sharaɗin cewa ni da jami'in kuɗin shiga za mu bi kowane littafi falle-falle a cikin kantinsa kafin a ɗaure kayan. An kai masa sharaɗin a rubuce, ya ce ya amince, amma mu zo ranar da ba Alhamis ba.