Masu zuwa gida ɗibar jini bayan tiyatar hanjin Baba: sun iya allura, lissafinsu ya kusa kai mu ya baro

Idan abin da kuke nema shi ne wanda zai zo gida ya ɗebi jinin tsoho ba tare da ya yi ta laluben jijiya ba, kamfanin nan sun iya. Matashin da suke turo mana hannunsa da sauƙi, yana zuwa a kan lokaci, yana rubuta suna a jikin kwalba a gabanmu, kuma sakamako na shigowa manhajarsu kafin yamma. Da a nan abin ya tsaya, da tauraro biyar zan ba su in wuce.

An yi wa Baba tiyatar sankarar babban hanji, aka yanke wurin da ciwon yake, aka haɗa bakin hanjin biyu aka ɗinke. Likitan da ya yi aikin ya sallame shi a rana ta huɗu bisa sharaɗi guda: a ci gaba da auna CRP kullum, a riƙa tura masa. Shi ya zaunar da mu ya yi mana bayani, ni da Yaya. CRP furotin ne da hanta ke zubawa cikin jini idan akwai kumburi a jiki. A jikin mai lafiya ba ya wuce 5 mg/L, wato miligiram biyar a kowace litar jini. Yankan tiyata kaɗai yana tayar da shi, ya kai ƙarshen hawansa a rana ta biyu ko ta uku, daga nan ya fara gangarowa. Abin gudu shi ne ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, domin ɗinkin hanji kan yi yoyo, yawanci a ƙarshen makon farko, kuma sau da yawa jini kan riga zazzaɓi nunawa. Ranar sallama CRP ɗin Baba yana 118, likita ya ce ya gamsu. Ya ce wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya haɗa marasa lafiya fiye da 2,400, ya nuna cewa wanda nasa ke ƙasa da 124 a rana ta huɗu, kashi 97 cikin 100 babu yoyo. Amma idan ya haura, hakan kaɗai bai tabbatar da yoyo ba; ciwon huhu ko na mafitsara ko rauni da ya yi ruwa duk suna iya ɗaga shi.

Rana ta biyar sakamakon kamfanin ya zo: 96. Muka yi hamdala. Washegari kuwa sai ga 14.2, layin da manhajar ke zanawa ya faɗo ƙasa tim. Ni dai lambar ba ta dace da mutumin da nake gani ba. Baba yana kwance ya ɗan karkace gefe ɗaya, tafin hannunsa a kan cikin da ya yi tauri, iskar da ya fara fitarwa ta tsaya, gumi na tsatsafo masa a goshi alhali awon zafi bai nuna wani zazzaɓin kirki ba. Na'urar da ke yatsarsa tana nuna bugun zuciya sama da 110. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ba komai, 'yar nan, gajiya ce."

Na kira lambar da suka ba mu. Wadda ta ɗauka ta buɗe sakamakon ta ce min, da fara'arta, "Ai Hajiya ki kwantar da hankalinki, ya kusa komawa daidai." Na ce mata cikinsa ya kumbura. Ta ce wannan sai likita, su dai abin da ke gabansu ya yi kyau. To ke da kika san sai likita, wa ya aike ki cewa ya yi kyau? Maganar nan tata ce ta sa Yaya ya ce mu bari zuwa safe.

Allah ya sa ban haƙura ba, na ɗauki hoton allon na tura wa likita. Ko minti goma ba a yi ba ya kira. Ya ce CRP ba ya faɗuwa haka a kwana ɗaya. Ko da an kawar da dalilin kumburin gaba ɗaya, kusan awa 19 yake ɗauka kafin ya ragu da rabi, don haka daga 96 zuwa 14 ba mai yiwuwa ba ne. Ya ce in buɗe ainihin takardar ɗakin gwajin, ba zanen manhaja ba, in karanta masa ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Na karanta: mg/dL. Ashe a ranar sun kai jinin wani ɗakin gwaji daban da suke hulɗa da shi, wanda ke lissafi da desilita maimakon lita, manhajarsu kuma ta kwashi lambar ta ɗora a layi ɗaya da ta jiya ba ta sauya komai ba. Lita ɗaya desilita goma ce. Wato 14.2 ɗin nan 142 ce. Hawa ya yi, ba sauka ba. "Ku kawo shi yanzu," abin da likita ya ce ke nan.

Hoton CT ya nuna ruwa da mugunya sun taru a gefen ɗinkin, ƙaramin yoyo ne da bai bazu cikin ciki ba. Aka sa siririyar roba aka zuƙe, aka ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ba a sake buɗe shi ba. A asibiti sun haɗa da wasu gwaje-gwajen: furokalsitonin, wanda ya fi karkata ga nuna ƙwayar cuta ta bakteriya, da albumin, wani furotin na jini, da rabon iri biyu na fararen ƙwayoyin jini, wato nutrofil a kan limfosait. Abin da ya ba ni mamaki, jimillar fararen ƙwayoyin jinin nasa ba ta wani wuce iyaka ba a daren. Da ita kaɗai aka duba, da an ce lafiya lau.

A nan dole in faɗi gaskiya: awon da suka yi daidai ne. Jinin da yaron nan ya ɗiba da safe shi ya tona yoyon, kuma da ba su zuwa gida da wuya mu iya ɗaukar mutumin da aka yanka cikinsa zuwa layin gwaji kowace safiya. Bayan Baba ya samu sauƙi har na fara tunanin in yafe, in ce kuskure ne irin na na'ura.

Sai na rubuta musu ƙorafi, ashe da sauran rina a kaba. Amsar da ta dawo ita ce an rubuta ma'aunin a jikin takarda, kuma alhakin fassara sakamako yana kan likita. Ban musa ba, an rubuta, da haruffan da sai ka ja allo ka ƙara girma. Amma zanen wa ya yi shi? Wa ya ce min in kwantar da hankalina? Kuma tun ranar farko na gaya musu tiyatar hanji aka yi, na rubuta a wurin da suka tanada don bayanin mara lafiya. Kamfanin da ke tallar kula da waɗanda aka sallama bayan tiyata ya kamata ya san cewa mu ba lamba ɗaya muke kallo ba, ta jiya da ta yau muke gwadawa. Ko saƙo ɗaya da zai ce an sauya ɗakin gwaji ba su turo ba, balle ban haƙuri.

Tauraro biyu, dukansu na yaron mai allura ne. Har yanzu shi nake nema idan za a ɗebi jinin CEA, wato gwajin bibiyar sankarar, domin Baba ba ya yarda da hannun kowa sai nasa, amma na ce a rubuta a fayil ɗinmu cewa ɗakin gwaji ɗaya muke so, kuma takardar asali nake turawa likita. Na leƙa manhajar kafin in rubuta wannan: 14.2 ɗin tana nan a ƙasan layi, ba su gyara ba.