Gargaɗi ga masu motoci a Katsina: ku yi hattara da masu sayar da "saitin taya huɗu" na jabu

Jama'a, akwai wata ha'inci da ta yi yawa a kasuwar taya, kuma masu Golf da Sharon da Homa da ke jigila tsakanin Katsina da Kano, ko Daura da Jibiya, su ta fi ci. Mutum zai je neman taya huɗu, a nuna masa guda ɗaya mai kyau, mai sunan kamfanin da ya sani, a yi ciniki a kan saiti. Sai a ce, "Alhaji, je ka yi sallah, kafin ka dawo yara sun ɗaura." Ya dawo ya tarar da tayoyi huɗu baƙi wuluk suna sheƙi, ya biya ya tafi. Biyun da ke ɓangaren direba su ne irin wadda ya gani. Biyun ɗaya ɓangaren kuwa wani kamfani ne daban, wani lokacin ma ɗaya gwanjo ce da aka wanke aka shafa wa mai. In ya gano daga baya ya koma, amsar ɗaya ce: "Ai duk taya taya ce, tunda ta hau wili."

Wannan magana ƙarya ce, kuma tana iya cin rai.

Haɗa kamfani biyu a mota ɗaya ba laifi ba ne in an bi ƙa'ida, kuma in mai mota ya sani. Ƙa'idar ita ce tayoyi biyun da ke kan aksul ɗaya, wato hagu da dama na gaba, ko hagu da dama na baya, su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya, lamba ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. Ana iya sa wani kamfani a gaba, wani a baya. Abin da maha'inta ke yi kishiyar haka ne: suna raba motar hagu da dama, don mai mota ɓangaren da yake shiga kawai yake kallo. Kowane kamfani da irin haɗin robarsa da taurin gefen tayarsa da yadda zanensa ke korar ruwa. Idan ka taka birki da ƙarfi, tayar da ta fi kama kwalta za ta riƙe, ɗayar ta zame, sai motar ta fizge gefe guda. A busasshen titi kana tafiya a hankali ba lallai ka ji komai ba. Ranar da ruwan Agusta ya kwanta a kan hanya, ko akuya ta faɗo maka kana kan gudu, ranar za ka sani.

Kafin ka biya, zagaya ka tsuguna a gaban kowace taya ka karanta abin da ke gefenta. Za ka ga rubutu irin 195/65 R15 91H. Lambar 195 faɗin taya ce a milimita, 65 tsayin gefenta ne bisa ɗari na faɗin, 15 girman wili ne a inci. Lambar 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, harafin H kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 210 a awa. T kuwa 190 ne. Su maha'inta lambar wili kawai suke nuna maka. To amma 195/60 R15 da 195/65 R15 duk suna hawa wili ɗaya, alhali tsayinsu ya bambanta da kusan santimita 2. Sa su a aksul ɗaya ka ga motar ta karkata, sitiyari yana ja, birkin ABS, mai hana ƙafa kullewa in an taka birki, yana samun lissafin da bai dace ba, difa kuma, wato giyar da ke raba juyi tsakanin ƙafar hagu da ta dama, tana aiki ba hutu ko a miƙaƙƙiyar hanya. Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi kowa shan wahala a nan, ita kam gara duk huɗun su zama iri ɗaya.

Masu bas, ku ne abin ya fi shafa. Tayar Homa tana da harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195 R15C, galibi da 8PR a rubuce, wato alamar ƙarfin tayar, don an yi ta ne domin kaya. Ana cusa wa direbobi tayar ƙaramar mota a cikin saiti saboda ta fi arha. Ka loda fasinja da buhuna, ka hau hanyar Kano da azahar a watan Afrilu, wannan tayar ce za ta fara ɗaukar zafi ta fashe. Wallahi ba kuɗin da aka rage maka da ya kai ran mutum ɗaya a cikin motar nan.

Sai shekarar taya. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Cikakkiyar lambar nan galibi gefe ɗaya take, shi ya sa ake juya gefen zuwa ciki don kada ka gani. Idan ka ga wurin an goge, ko ya fi sauran jikin santsi, ko lambar ta yi kama da an buga ta da ƙarfe mai zafi, ajiye ta. Lambar makon kuma ba ta wuce 53. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafinmu kuma yana ƙara mata sauri. Lanƙwasa gefen da babban yatsa. In ƙananan tsaga suka buɗe, ta gama aiki.

Akwai kuma masu sake yanka zane. Taya ta cinye ƙarƙaf, sai a bi tsohon layin da wuƙa mai zafi a zurfafa shi. Tayar ƙaramar mota ba a yi ta don haka ba, robar da ta rage tsakanin titi da wayar ciki ba ta da kauri. Gane ta ba wuya: a cikin ramin zanen taya ta gaskiya akwai 'yan tudun roba masu tsayin milimita 1.6, alamar iyakar cinyewa. A wadda aka yanka, an share su, layin yana karkacewa, zurfinsa ba ɗaya ba, wani wurin har waya tana leƙowa. Gwanjon da aka shigo da su daga Turai kuma, duba ko akwai hoton tsauni da ƙanƙara a jiki. Tayar hunturu ce, robarta mai laushi, kwaltar Katsina za ta cinye ta nan da nan. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci dama suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su Najeriya.

Kada ka bar wurin ana ɗauri. A jera tayoyin huɗu a ƙasa tun kafin su hau wili, ka leƙa cikin kowace ka ga ko akwai faci ko kumburi ko alamar an matse ta cikin wata tayar. Ɗauki hoton lambobinsu da wayarka, a rubuta maka sunan kamfani da lamba da shekarar kowace a rasit. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Tayar da ke da kibiya da kalmar ROTATION, kibiyar ta kalli gaba. Mai OUTSIDE kuma, wannan gefen ya kalli waje. A sa iska da geji bisa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙafa ba.

In kuɗinka na biyu ne kawai, sayi biyu iri ɗaya sababbi, a ɗaura su a baya, a mayar da na bayan gaba in suna da sauran rai. Mutane da yawa suna ganin gaba ya kamata, amma idan baya ya zame a kwana, sitiyari ba ya ceto. Wanda kuma aka riga aka yi wa wannan aika-aika, ya kai hotuna da rasit ga shugabannin ƙungiyar masu sayar da taya na wurin, ko ofishin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, kuma kada ya hau doguwar hanya sai ya daidaita aksul ɗin.