Tsakanin shan magani da aikin ablasiyon: abin da na gani a ciwon rikicewar bugun zuciya

Na yi shekaru ina fama da rikicewar bugun zuciya irin wadda likitoci ke kira fibrilasiyon, inda ɗakunan zuciya biyu na sama suke daina bugawa bisa tsari su koma karkarwa, kuma na gwada magani na gwada aiki, don haka ina da abin faɗa wa masu wannan larura a nan Maradi.

Da magani aka fara mini. Bisoprolol ya rage gudun zuciyar, Cordarone kuma ya daidaita bugun na wani lokaci, sai dai shi Cordarone sai da sa ido, domin yana iya taɓa hanta da huhu da tiroyid, wato halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo. Tiroyid ɗina ne ya fara nuna alama a gwajin jini, ga ciwon bai daina tasowa ba, har ta kai in na taka zuwa masallacin Juma'a sai na nemi gindin bedi na zauna ina haki.

A Tunis aka yi mini aikin ablasiyon. Ba a tsaga ƙirji. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar matsematsi har ɗakin sama na hagu, a ƙona ko a daskarar da naman da ke kewaye da bakin jijiyoyi 4 masu kawo jini daga huhu, domin daga nan ne abin da ke hargitsa bugun ya fi tasowa, kamar yadda Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa na birnin Bordo a Faransa suka nuna a 1998. Wahalar da na fi sha ita ce kwanciya rigingine sa'o'i da dama ba halin lanƙwasa ƙafa. A watanni 3 na farko bugun ya riƙa kaucewa jefi-jefi, abin da likita ya riga ya gargaɗe ni a kai, daga baya ya zauna, alhamdu lillahi, aka tsayar mini da Cordarone.

Amma maganin tsinka jini yana nan. Saboda shekaruna da hawan jini, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da wannan ciwo ke iya jawowa bai kau ba, shi ya sa har yau ina shan Sintrom, ina zuwa gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, don sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3. Binciken CABANA na 2019, mai mutum sama da 2,000, ya nuna aikin ya fi magani hana ciwon dawowa da sauƙaƙa rayuwa, amma bai tabbatar da cewa ya fi shi rage mutuwa ko shanyewar jiki ba. Wasu ma sai an sake yi musu aikin.

A ganina, wanda magani ya riƙe shi lafiya bai kamata ya sayar da gona ko fili don kuɗin jirgi da masauki da aiki ba. Wanda magani ya gaza masa kamar ni, ya zauna da likitan zuciya tun kafin ciwon ya zama na dindindin, domin a lokacin da yake zuwa yana tafiya ne aikin ya fi yin nasara.