Hoto ko Lissafi: Wanne Ya Fi Wajen Yi wa Siffar 3D Fata?

Idan ka gama ƙera tukunya a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D a kwamfuta, za ka gan ta sumul kamar ƙwai, sai ka yi mata fata, wato launi da zanen da za a gani a jikinta. Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko ita ce lulluɓa mata hoto, dabarar da masanin kwamfuta Ed Catmull ya fito da ita a 1974 a Jami'ar Utah. Ana warware jikin tukunyar a shimfiɗe, kamar yadda tela ke yanka yadi kafin ɗinki, kowane ɗigo ya samu mazauninsa a hoton. Wannan shi ake kira UV. Matsalar tana wajen haɗi: layin ɗinkin yakan fito fili, kuma da ka matso kusa hoton ya dushe. Ga cin ma'ajiyar kwamfuta.

Ta biyun babu hoto, lissafi ne ke zana fatar nan take. Wani masanin kwamfuta, Ken Perlin, ya ƙirƙiro shahararren salonta a 1983. Katako, dutse, gajimare, duk yana fitar da su, ko ka kai hanci jikin abin ba ya dushewa. Sai dai kwamfuta ta sha aiki.

Ni dai idan fuskar mutum ce, hoto nake ɗorawa, don lissafi bai san tabon da ke gefen idonsa ba.