Kwamfuta ko Na'urar Wasa: Abin da Mai Saye a Maraɗi Ya Kamata Ya Auna Kafin Ya Fitar da Kuɗinsa

Wasannin buɗaɗɗiyar duniya, waɗanda ɗan wasa yake yawo cikin birni ko daji ko hamada ba tare da an tsare shi a hanya guda ba, su ne suka fi kowane irin wasa wahalar da na'ura. Dalili kuwa shi ne, na'urar ba ta ɗauko filin wasan gaba ɗaya lokaci guda; duk taku ɗaya da ɗan wasa ya yi a kan doki ko cikin mota, sai ta ciro sabbin gidaje da itatuwa da mutane daga ma'ajiya ta zana su nan take, kuma haka za ta yi ta yi har tsawon sa'o'i, domin irin waɗannan wasanni ba a gama su a zama ɗaya. Saboda haka mai son GTA V ko Red Dead Redemption 2 ko Elden Ring yana bukatar lissafi dabam da na wanda ƙwallo kawai yake bugawa a rumfar wasa ta unguwa.

Mafi yawan muhawarar da ake yi a kan zaɓi tsakanin kwamfuta da na'urar wasa ta ginu ne a kan kyawun hoto, kuma a nan babu gardama: kwamfuta mai tsada ta fi kowace na'urar wasa. Amma a ganina, a Maraɗi wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Wutar lantarki da intanet da zafi su ne suke yanke hukunci a garinmu.

A fara da wuta. PlayStation 5 tana cin kimanin wat 200 lokacin da wasa mai nauyi yake gudana, Xbox Series S ba ta kai rabin haka ba, Nintendo Switch kuwa ko wat 20 ba ta kaiwa. Kwamfutar tebur da aka haɗa domin wasa takan ci wat 300 zuwa 500 gwargwadon katin hoton da ke cikinta, wato sashen da yake zana hotunan wasa, ban da allo. Wanda ya dogara da wutar NIGELEC kaɗai ya san yadda take ɗaukewa a watannin bazara, kuma ba a manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar. Ga mai sola da batir a gida, bambancin wat 200 da wat 450 yana nufin ƙarin faranti da ƙarin batir, wato kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata ajiyar wasa, wato bayanan inda ɗan wasa ya tsaya, kuma a wasan da mutum ya shafe makonni yana ginawa wannan asara ce mai ciwo. Don haka duk abin da aka zaɓa, a sa kuɗin na'urar daidaita ƙarfin wuta da ƙaramin batir mai riƙe wuta na 'yan mintoci cikin lissafi tun farko. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta wasa tana da batirinta, wannan kuwa fa'ida ce ta gaske, sai dai ƙarfinta yana raguwa da zarar an cire ta daga wuta, kuma ita ce ta fi saurin ɗaukar zafi.

Batun intanet ya fi na wuta muhimmanci, kuma a nan ne masu saye da yawa suke yin kuskure. Red Dead Redemption 2 yana neman gurbin gigabait 150 a kwamfuta, Starfield kuma 125, kuma tun shekaru da dama wasannin kwamfuta sun daina zuwa a faifai. Sai dai a sauke su daga Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ko makamancinsa. Wanda yake sayen data ta waya daga Airtel ko Moov ko Zamani ya lissafa kuɗin gigabait 150, zai ga cewa rangwamen da Steam ya yi masa a farashin wasa yana iya ƙarewa a wajen saukewa. Na'urar wasa mai cin faifai ta kauce wa mafi yawan wannan matsala. Red Dead Redemption 2 na PlayStation 4 ya zo a faifai biyu, ana zuba shi a na'ura a buga labarinsa ba tare da intanet ba, in an gama kuma a sayar da faifan ko a yi musaya da aboki. Wannan ne ya sa nake gargaɗi a kan Xbox Series S da PlayStation 5 mara faifai da PlayStation 5 Pro, wadda ta fito a 2024 ba tare da wurin sa faifai ba sai an saya dabam. Arhar biyun farko, musamman Series S da ta fito a kan dalar Amurka 299, tana jan hankali, amma an ƙera su ne domin gidan da intanet ba ta yankewa kuma ba a auna ta da gigabait. Ko faifan ma a bincika, domin akwai sabbin wasannin da kwalinsu yake ɗauke da sanarwar cewa sai an haɗa da intanet kafin su tashi.

Akwai kuma wahalar biya. Shagon intanet na PlayStation ba ya da rajistar Nijar, don haka masu amfani da shi sukan buɗe asusu da adireshin Faransa ko Amurka, sannan su riƙa sayen katin kuɗi na wannan ƙasa. Faifan wasa yana aiki a kowace na'ura ko daga ina aka kawo shi, amma ƙarin sassan wasa da ake saya a intanet dole su dace da yankin da faifan ya fito. Haka nan, buga wasa tare da wasu ta intanet a PlayStation da Xbox yana bukatar kuɗin rajista na wata-wata ko na shekara, ban da wasannin kyauta, alhali a kwamfuta ba a biyan wannan.

Farashi kuwa yana sauyawa da kuɗin kwastan da canjin naira da hanyar da kaya suka biyo, ko ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano ko daga Dubai, saboda haka gara a riƙe ma'auni ɗaya. PlayStation 5 mai faifai ta fito a watan Nuwamba na 2020 a kan yuro 499, wato kimanin jika 327 na sefa tunda yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, kuma Sony, kamfanin da yake ƙera ta, ya ƙara farashin a Turai zuwa kusan yuro 550 a 2022. A ɓangaren kwamfuta, katin hoto na matsakaicin ƙarfi irin RTX 4060 ya fito a 2023 a kan dalar Amurka 299, shi kaɗai, kafin a sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, mai gigabait 16 da ma'ajiyar SSD da akwati da allo. Kwamfutar da za ta yi kafaɗa da PlayStation 5 a waɗannan wasanni ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwa, waɗanda ba su da katin hoto na musamman, ba za su ɗauki sabbin wasannin ba, ko da mai shago ya rantse. Iyakarsu tsofaffi irin Skyrim na 2011, shi ma da rage kyawun hoto.

Duk da haka kwamfuta tana da hujjoji masu ƙarfi, kuma ba adalci ba ne a taƙaita su. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da zai yi rubutu da zane da koyon haɗa manhaja, ko matashin da yake tace bidiyon biki domin neman na kansa, ya sayi abu ɗaya da zai yi masa aiki biyu, kuma katin hoton da yake zana duniyar wasa shi ne yake hanzarta tace bidiyo. Kwamfutar tebur ana gyara ta gunduwa-gunduwa: in RAM ta yi kaɗan a ƙara, in katin ya tsufa a sauya shi kaɗai, kuma masu gyaran kwamfuta sun fi masu gyaran na'urar wasa yawa a gari. Sannan akwai gyare-gyaren da 'yan wasa da kansu suke yi wa wasanni, abin da ya raya Skyrim da GTA V shekara da shekaru, kuma a kwamfuta ne wannan ya fi yalwa. Wasannin Sony da a da ba a samun su sai a PlayStation ma sun iso: Horizon Zero Dawn a 2020, Spider-Man a 2022, Ghost of Tsushima a 2024. Sai dai mai kwamfuta ya saba da jira. GTA V ya fito a na'urorin wasa a 2013, bai zo kwamfuta ba sai 2015. Red Dead Redemption 2 ya jinkirta shekara guda. GTA VI kuma kamfanin Rockstar ya fara sanar da shi ne domin PlayStation 5 da Xbox Series. Wasannin Zelda kuwa na Nintendo ne kaɗai.

Game da wasannin sata da ake zuba wa mutane a kwamfuta ko a PlayStation 4 da aka fasa tsarinta, ba na ba kowa shawarar ya gina lissafinsa a kansu. Ban da haƙƙin masu aikin, sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma na'urar da aka fasa tana iya rasa damar shiga intanet.

Ga hukuncina. Wanda wasa ne kaɗai burinsa ya nemi PlayStation 5 mai faifai, domin tana karɓar kusan dukan faifan PlayStation 4. In kuɗin bai kai ba, PlayStation 4 ta hannu har yanzu tana buga The Witcher 3 da Assassin's Creed Origins da Ghost of Tsushima yadda ya kamata, amma a guji Cyberpunk 2077 a kanta, wasan da Sony ya cire daga shagonsa a Disamba 2020 saboda rashin ingancinsa a wannan na'ura. Wanda wutar gidansa ba ta da tabbas ya duba Switch. Kwamfuta ta dace da mai aikin da zai mayar masa da kuɗinta, kuma yana da intanet ta gida da ba a auna masa.

Da yake yawancin masu saye na hannu za su ɗauka, kada a biya sai an gwada. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maraɗi, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka na'urar da ta tashi lafiya a minti biyar tana iya mutuwa a minti talatin. A sa faifan wasa mai nauyi, a bar shi ya yi akalla rabin sa'a, a saurari ƙarar fanka, a duba ko sandunan manet, wato abin sarrafa wasa na hannu, suna motsa ɗan wasa ba a taɓa su ba, a tabbatar mai sayarwa ya cire asusunsa. In kwamfuta ce, a buɗe bayanan tsarinta a karanta sunan katin hoto da ido, kada a dogara da takardar da aka manna a jikinta.