Osmos: wasan da kowane motsi ke cin naman jikinka

Akasarin gem ɗin da muke saukewa a waya ihu suke yi wa mutum. Yi maza, lokaci zai ƙare, ga tsabar zinariya, kalli wannan tallar a ƙara maka rai. Osmos ba ruwansa da duk wannan. Wasa ne mai tafiyar hawainiya, wanda idan ka yi garaje a cikinsa za ka ga jikinka yana zagwanyewa a gaban idonka. Na jima ina buga shi a waya, kuma ina ganin ya cancanci a yi magana a kansa duk da cewa ya kwana biyu a duniya.

Wani ƙaramin kamfani ne a Kanada mai suna Hemisphere Games ya yi shi, ƙarƙashin jagorancin Eddy Boxerman. Ya fara fitowa a kwamfuta a 2009, ya shiga iPad da iPhone a 2010, shekarar da Apple ya zaɓe shi gwarzon wasan iPad, sannan ya iso Android a farkon 2012. Mutane ƙalilan ne suka haɗa shi, kuma hakan ya nuna a jikinsa: dabara ɗaya suka riƙe, suka yi ta juya ta har suka tatse duk abin da ke cikinta.

Ga dabarar. Kai wani ɗigo ne mai ƙyalli da ke shawagi a cikin duhu, kewaye da wasu ɗigogi manya da ƙanana. Wanda ka fi girma, in kun haɗu, kai za ka shanye shi ka ƙara ƙiba. Wanda ya fi ka, shi zai shanye ka. Launi ne ke gaya maka matsayin kowa: ƙananan shuɗi, manyan ja, kuma kana girma kana ganin jajayen suna rikiɗa suna komawa shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗigon mai a saman romo, yadda babba ke matsowa ya haɗe ƙarami su zama ɗaya, ya riga ya ga rabin wasan nan.

Ɗaya rabin shi ne inda aikin yake. Ba ka da ƙafa, ba ka da fiffike. Hanya ɗaya tak da za ka motsa ita ce ka gutsuri wani abu daga jikinka ka harba shi baya. Ka taɓa allo ta hagunka, ɗan gutsure ya fita ta hagu, kai kuma ka zarce dama. Wannan ita ce doka ta uku daga cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687, kuma da ita roka ke tashi. Sai dai a nan man da kake ƙonawa tsokarka ce. Ka hango wani ɗigo mai maiƙo can nesa, ka dinga danna allo babu ƙaƙƙautawa don ka isa da wuri, kafin ka kai ka riga ka zube, abin da ka je ci ya koma ja, ya juyo ya haɗiye ka. Garin neman ƙiba an samo rama. Tsayawa ma kuɗi gare ta, domin babu birki, sai ka sake zubar da wani ɓangaren jikinka ta gaba. Abin da ka zubar kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan yana yawo, maƙwabcinka ya tsince shi ya ƙara ƙarfi a kanka.

Da zarar wannan ya zauna maka a kai, sai hannunka ya yi sanyi. Taɓawa ɗaya, sannan ka janye yatsa ka zuba ido. Wasan ya ba ka ikon ja da lokaci: ka shafa allo gefe guda komai ya lafa har ka iya auna kusurwa a tsanake, ka shafa ɗaya gefen lokaci ya ruga don kada jira ya gundure ka. Ni wannan ne abin da ya fi burge ni a tsarinsa, saboda ya raba haƙuri da zaman banza. Kana iya yanke shawarar tafiya a hankali ba tare da ka ɓata minti goma kana kallon ɗigo yana rarrafe ba.

Matakan iri-iri ne. Akwai na shawagi kawai, inda ake so ka zama mafi girma a filin. Akwai waɗanda ake sako wasu halittu masu wayo, wata tana gudunka, wata tana rige ka cin abinci, wata kuma farautarka take yi. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, sun fi kama da sauran wasanni. Akwai kuma na cunkoso, inda aka cusa ka tsakanin ƙatti babu wurin juyawa, ga abincinka a bayan wani jibgege da ba ka isa ka taɓa ba. Babu wanda zai gaya maka mafita. Sai ka gwada, ka sake gwadawa, har ka lura cewa gutsuren da kake harbawa yana ɗan tura ƙaton da ya doka. Ka yi ta jifansa kaɗan-kaɗan, ya soma gangarawa a hankali, ya je ya ci karo da wani ƙaton, ɗaya ya shanye ɗaya, hanya ta buɗe. Ranar da na fara ganin wannan ya yi aiki, daɗin da na ji ya fi na cin kowane mataki.

Amma zuciyar wasan, a wurina, matakan falaki ne. A tsakiyar fili akwai wani babban abu mai haske kamar tauraro, yana janyo komai zuwa gare shi, kai da ɗaruruwan ɗigogi kuna kewaya shi. Ana zana maka layin da za ka bi, ka ga yadda kowace taɓawa ke lanƙwasa shi. Ka rage gudu da yawa, layin ya nutse cikin tauraron, ka faɗa ciki. Duk abin da ya faɗa kuma ƙara masa girma yake yi.

A nan ne tunanin da muka saba da shi a doron ƙasa ke daina aiki. Ga ɗigo a gabanka, kuna kan layi ɗaya, kana so ka kamo shi. Abin da zuciya ke raya maka shi ne ka ƙara wuta ka bi shi. Kana yin haka sai layinka ya buɗe, ka hau sama, zagayenka ya yi tsawo, abin da kake bi ya ƙara yi maka nisa. Hanyar kamo shi ita ce ka rage gudu, ka sauko kusa da tauraron inda zagaye ya fi gajarta kuma ya fi sauri, ka sha gabansa ta ƙasa, sannan ka ɗago ku haɗu. Johannes Kepler ya bayyana wannan alaƙa tun 1619: abin da ya fi kusa da rana ya fi saurin gama zagaye. Shi ya sa duniyar Makuri ke kewaye rana cikin kwana 88, tamu cikin shekara guda, Jufita kuma sai ta yi kusan shekara 12.

Kada wanda wannan ya rikita ya ji kunya, domin ya taɓa rikita ƙwararru. A watan Yunin 1965, ɗan sama jannatin Amurka James McDivitt, a cikin kumbon Gemini 4, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da ɓangaren rokar da ta kai su sama. Ya saita kumbon ya nufe ta kai tsaye, ita kuwa sai ƙara nisa take yi, har ya ƙona mai da yawa aka ce ya haƙura. Sai a watan Disamba na shekarar Wally Schirra ya kai Gemini 6A dab da Gemini 7, bayan an gyara lissafin. Abin da ya ba hukumar NASA wahala a wancan lokaci, Osmos yana sa yatsanka ya gane shi ba tare da an rubuta maka lissafi ko layi ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma shi ne dalilin da nake girmama waɗanda suka yi shi.

Sautinsa ma ya dace da shi. Kiɗa ne mai sanyi, babu ganga babu waƙa, daga mawaƙa irin su Loscil na Kanada da Biosphere na Norway. Da iyafis ya fi daɗi, musamman da daddare.

To, ba a rasa abin cewa. Na farko, wahalar ba ta hawa a jere. Kana tafiya lafiya lau sai ka iso matakan da ake kira Epicycles, inda ƙananan taurari ke kewaya babba, kowanne da nasa ayarin ɗigogi, kai kuma dole ka tsallaka daga wannan ayari zuwa wancan. Tsallen da ke tsakanin wannan da abin da ya gabace shi ya yi yawa. Wasan da ya ɗauki lokaci yana lallashinka sai ya koma yana hukunta ƙaramin kuskure da maimaita mataki daga farko. Ina ganin da an saka matakai biyu ko uku a tsakani da mutane da yawa ba su ajiye shi a nan ba. Na biyu, a ƙaramar waya yatsanka kan rufe abin da kake son gani, kuma idan ka ja hoton baya don ka ga filin duka, kai kanka ka zama ƙwayar da da ƙyar ake hangowa. A babban allo ya fi sakewa.

Na uku ba laifi ba ne, gargaɗi ne ga wanda zai zo da wani zato. Taurarin Osmos ba sa haihuwa kamar na gaske. Tauraro na haƙiƙa yana samuwa ne idan gajimaren iskar haidurojin ya dunƙule saboda nauyin kansa, cikinsa ya yi zafi har ƙwayoyin haidurojin su fara haɗewa suna zama hiliyom, haske ya fito. Babu wannan a wasan. Abin da ya ɗauko daga sama shi ne janyowa da kewayawa, da kuma yadda babba ke tattare komai, kamar yadda ranarmu ta riƙe fiye da kashi 99 cikin ɗari na nauyin duk abin da ke cikin tsarinta.

A waya akwai manyan hanyoyi biyu na bugawa. Odyssey jerin matakai ne da ke gabatar maka da kowane iri bi da bi, Arcade kuma yana ƙirƙiro sabon fili ya bar ka ka zaɓi tsananin wahala. Sayensa ake yi sau ɗaya, babu talla a ciki, kuma bayan saukewa ba ya bukatar data idan kai kaɗai kake bugawa. Rubutun da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, don haka ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai iya.

Wanda ke neman abin da zai rage masa minti biyu a layin banki, wannan ba nasa ba ne. Wanda nake so ya gwada shi da gaske shi ne malamin fiziks na sakandare, wanda ke fama da ɗalibai masu haddace dokokin Newton saboda WAEC ba tare da sun taɓa ganin suna aiki ba. Malam, buɗe musu matakin falaki, ka nuna ɗigon da ke gabansu ka ce su kamo shi, kada ka yi musu bayanin komai. Sai sun ƙara wuta sun ga yana tsere musu, sun fara gardama a tsakaninsu, sannan ka ɗauki alli ka nufi allo.